Simintin da Bai Kama Ba a Kicin ɗin MaSiziba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haya a ɗakin baya na gidan MaSiziba, a unguwar Magwegwe ta Bulawayo. Shida daga cikinsu ina rubuta duk ranar da famfo ya kawo ruwa da ranar da bai kawo ba. Ba wanda ya sa ni. Ni akawu ne a ma'ajiyar wani kamfanin barguna, hannuna ya saba da rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. A shafin Disambar bara akwai kwana goma sha uku a jere da na ja wa layi, daga goma sha ɗaya ga wata zuwa ashirin da uku. Ko ɗigo ba mu gani ba. A cikin waɗannan kwanakin ne MaSiziba ta yi sabuwar kantar kicin ɗinta.

Ainihin sunanta Sikhangele, amma da sunan gidan ubanta kowa ke kiranta. A Kezi aka haife ta, cikin duwatsu, inda mata ke gina wa kwanukansu ma'ajiya ta yumɓu a bangon ɗakin girki, su zane ta da jar ƙasa da toka da gawayi duk bayan girbi. Tana da shekara goma sha tara ta shigo birni. Ta yi shekara ashirin da biyu tana ɗinka maɓalli a wani kamfanin riguna, har safiyar da suka je aiki suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki huɗu, da ƙatuwar durowar tufafi ta katako mai nauyi, da ɗa guda, Dumoluhle, wanda ake ce wa Dumo. Dumo ya tafi Egoli, wato Johannesburg, kamar sauran samarin layinmu, ya yi aure a can. Ita kuma ta koma sayar da ƙanƙarar zaƙi. Takan dama sukari da kala a bokiti, ta ɗura a ƙananan ledoji, ta daskarar a firji, 'yan makaranta su saya a ƙofar gida.

Ban taɓa ganin ta zubar da wani abu ba. Gwangwanin madara ya zama ma'auni, tsohuwar riga ta zama tsumma, tsumma ya zama lagwani. Ruwa kuwa kashi uku ne a gidan, kuma ɗan haya sai ya haddace su kafin ya kwance kayansa. Fararen jarkoki na sha ne da girki, ba a taɓa su don wani abu. Baƙin duro na ruwan wanka da wanki ne, mai sabulu, daga nan sai masai. Shuɗin duro na ruwan ɗauraya ne, wanda ba sabulu a cikinsa: na wanke shinkafa, na ɗauraye bokiti, ragowar buta. Shi ake ba ganyen miya a bayan gida, da shi ake goge ɗaki. Ranar da na tare na watsar da rabin kofi a ƙasa. Ta dube ni ta ce, "Baba Mlotshwa, a gidanku kogi ne ya ratsa ta tsakar ɗaki?" Ban sake ba.

Shekara uku kafin abin da zan faɗa, Dumo ya zo Kirsimeti da matarsa Refilwe da 'yarsu Khosi, lokacin yarinyar tana da shekara uku. Kantar kicin ɗin ta matsattsen garin katako ce, an lulluɓe samanta da farar roba. Tun zamanin marigayi take, ruwa ya shige ta, ta kumbura, gefenta ya dare. Refilwe na yanka wa yarinyar mangwaro a kai, sai kyankyasai biyu suka fito daga tsagar suka bi ta kan wuƙar. Washegari Khosi ta tashi da gudawa. Ko mangwaron ne, ko ruwa, ko wahalar hanya, ba wanda ya sani. Refilwe ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta dai haɗa kaya suka koma masauki a cikin gari, suka riƙa zuwa da rana da abincinsu a kwando. Shekara biyu da suka biyo baya kaya kawai suka zo, ta hannun direbobin da ke jigila tsakanin Egoli da nan: shinkafa, man girki, da hoton yarinya.

Ranar Lahadi, uku ga Nuwamban bara, bayan an taso coci, Dumo ya kira. Kunnenta ya fara nauyi, don haka takan buɗe muryar waya, duk na tsakar gida ya ji.

"Mama, za mu zo ranar ashirin da uku ga Disamba. Ni da Refilwe za mu wuce Victoria Falls, mu dawo ɗaya ga Janairu. Mun yi magana, in gida ya yi daidai sai mu bar miki Khosi."

"In ya yi daidai kamar yaya?"

"Kin san kicin ɗin nan, Mama. Refilwe za ta duba dai."

"Ta duba. 'Yarta ce."

Da ta ajiye wayar ta zauna a bakin ƙofa ta ce mini, "Baba Mlotshwa, lissafa mini sosai. Kwana nawa ke nan?" Na ce dare tara. Ta maimaita a hankali sau biyu. Tun da aka haifi yarinyar ba su taɓa kwana ɗaki ɗaya ba.

Ta zaga ta tambayi farashi. Masu dutsen kanta suka ce dala ɗari uku da tamanin. Kafinta ya ce ɗari da ashirin, kuma irin katakon da ya kumbura ɗin zai sake sa mata. Na ce ta gaya wa Dumo. Ta ce Dumo haya yake biya a garin mutane, ba za ta ɗora masa kicin ba. Daga nan ta je wajen Baba Chirwa, tsohon magini da ke gida na uku daga namu. Kakansa ne ya zo daga Malawi aikin ma'adinai, kuma shekara talatin ke nan shi da MaSiziba suna tsokanar juna a kan haka.

Ya auna kicin ɗin da taku da tafin hannu, ya shaƙi tabarsa ta hanci, ya ce, "Buhun siminti ɗaya, yashi, tsakuwa, da ragar wayar tsohon akurkin kajinki. In kin samo waɗannan zan zuba miki kantar da jikokin jikarki za su gaji da ganinta."

"Nawa za ka cuce ni?"

"Tuwo da kaza, kwana biyu. Kuma ki daina ce mini baƙo, a garin nan aka binne cibiyata, ke ce kika zo a bayan mota."

"Baƙon da ya fi 'yan gari ci."

"Akawu, rubuta ta yarda da kazar," in ji shi.

Buhun simintin dala goma sha biyu ne. Sai da ta yi mako biyar tana tara cinikin ƙanƙara kafin ta saye shi ranar Juma'a, goma sha uku ga Disamba. Ranar ce ta ƙarshe kafin magina su tafi hutunsu na ƙarshen shekara, masu sayar da kayan gini su rufe sai tsakiyar Janairu.

Amma sai na koma baya da kwana huɗu. Ranar Litinin, tara ga wata, aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai Laraba da yamma. Ƙanƙara ɗari uku da ke firji ta narke ta fara tsami. Na dawo aiki na tarar da ita a kan 'yar kujera, tana yanka ledojin ɗaya bayan ɗaya da almakashi tana tsiyaye su cikin shuɗin duro. Ledojin ma ta ɗauraye ta shanya. Na yi mata jaje. Ta ce, "Ganyena zai sha zaƙi, ba duka aka yi asara ba." A ranar ne kuma famfo ya ƙafe.

Ranar Asabar, goma sha huɗu, muka ciro tsohuwar kantar. A hannunmu ta ruguje, kyankyasai suka watse a tsakar gida, kajin maƙwabta suka samu abin yi. Tun ranar Alhamis Chirwa ya jera a ƙarƙashinta ginshiƙai biyu na tsofaffin bulo da yumɓu, don kada a taɓa simintin. Ya kafa katakai a kai kamar akwati marar murfi, ya shimfiɗa ragar waya a ciki, ya haɗa yashi da tsakuwa da siminti a bakin ƙofa.

"Akawu, ajiye biro ka ɗauki abin da ya fi shi nauyi. Ruwa bokiti biyu."

Na nufi fararen jarkoki. Saura uku da rabi, ba mu san ranar da famfo zai dawo ba, layin rijiyar burtsatse kuma rabin yini ne. MaSiziba ta tare ni.

"Siminti shan ruwan zai yi? Ɗebo na shuɗi."

Chirwa ya leƙa bokitin. Ruwan ya ɗan yi ja, amma na famfonmu ma haka yake zuwa bayan dogon yankewa.

"Ba sabulu a ciki?"

"Ka taɓa jin na haɗa shuɗi da baƙi?"

"Ba mai?"

"Ba mai."

Ya sunkuya ya shinshina da hancin da ya yi shekara arba'in yana shaƙar taba, ya ce in zuba. Ni na ɗebo, ni na zuba.

Kwaɓin ya yi kyau, ya yi laushi har Chirwa yana yaba hannunsa. Da ya gama lailaye saman, MaSiziba ta fito da wani gwangwanin biskit. A ciki akwai fasassun farantan aurenta, farare masu shuɗin fure, waɗanda suka fashe ɗaya bayan ɗaya cikin shekara talatin da biyar ba ta yar da ko ɓalli ba. Ta jera su a gefen kantar, tana danna kowanne cikin ɗanyen simintin da babban yatsa, har suka yi layi kamar bakin zane. Na kawo tsofaffin barguna biyu daga waɗanda kamfani ya ƙi, aka rufe.

"Ki yayyafa ruwa safe da yamma, kwana bakwai," in ji Chirwa. "Kada ki ɗaga, kada ki taɓa. Na san ku da leƙen tukunya. Zan je Gwanda wajen 'yata, ranar Asabar ni zan buɗe da hannuna."

Ta bi maganarsa ba ragi. Safe da yamma ta yayyafa, daga shuɗin duro. A rana ta uku muka ga kiyashi na bin bargunan. Muka ce zafin damina ne, ta zagaye ginshiƙan da toka.

Wannan makon shi ne mafi daɗi da na gani a gidan. Girki ya koma waje a kan murhu, ita kuma ta koma kan ado. Ta ce ba za ta sayi bishiyar Kirsimeti ta roba ta dala ashirin ba, wadda za ta yi shekara ɗaya ta ƙare a kwata. Ta je bayan layin dogo ta jawo busasshen reshen ƙaya da ya kai ƙirjina, ta zauna ta datse kan kowace ƙaya da almakashi don kada ta soki yarinya, ta shafe shi da farar ƙasa, ta kafa shi a gwangwanin fenti cike da yashi. Ta tsinto ƙwanson 'ya'yan bishiyar jakaranda a bakin titi ta shafa musu jar ƙasa. Da ɓawon masara ta yi mala'iku goma sha biyu, gashinsu na gemun masara, fukafukansu na takardar cikin kwalin shayi. Ta zura ƙwayar kabewa da busasshen ɓawon lemo a zare ta ratsa falo da su. A bangon kicin, sama da inda kantar take a rufe, ta zana irin zanen ɗakin girkin uwarta na Kezi, ja da fari da baƙi. Ni aka ba aikin taurari, don na iya jan layi. Na yanka su daga tsohuwar kalanda, arba'in da biyu.

Ranar Laraba ta kira ni falo. "Baba Mlotshwa, yarinyar shekara shida, ina tsayinta yake kaiwa?"

Na nuna wajen ƙuguna. Ta ce 'ya'yan Egoli sun fi haka, suna shan madara, ta ƙara tafin hannu ɗaya. Ta sauko da mala'ikun duka zuwa daidai nan, don idon yarinyar ya faɗa kansu da ta shigo. A ƙasan reshen ta manna sunan Khosi da jajayen ƙwayoyin wake a kan kwali. Ta shanya katifa, ta gyara gefen gadon da ba wanda ya kwanta a kai tun rasuwar mijinta.

Ranar Asabar, ashirin da ɗaya, da ƙarfe tara, Chirwa ya shigo da sabuwar hular da 'yarsa ta saya masa.

"Ina kazata? A matsa, mai aiki ya zo."

Ya yaye bargunan. Saman kantar ya yi baƙi da kiyashi. Ya share su da gefen hannu, sai ga simintin a ƙasa, duhu, jiƙe, kamar ranar da aka zuba shi. Ya danna babban yatsa, yatsan ya shige har gaɓa. Ya zare katakon gefe a hankali, kusurwar ta zame ta faɗo ƙasa, da ɓallin faranti biyu a jikinta.

Chirwa ya dangwali jiƙon ya kai bakinsa, ya tofar. Ya fita ya buɗe shuɗin duro, ya tsoma yatsa ya lasa. Da ya dawo ya cire hular.

"MaSiziba, me kika zuba a duron nan?"

Ta gaya masa.

"Sukari nawa ne a ciki?"

"Kilo uku."

Ya kife bokiti ya zauna a kai. "Ludayi ɗaya a buhu ya isa ya hana siminti kamawa. Masu manyan motocin kwaɓi har yawo suke da sukari, don in mota ta lalace a hanya su zuba kada ya daskare musu a ciki. Wannan ba zai kama ba ko za a jira shi har Ista."

"Amma ba sabulu a ciki," in ji ta.

"Babu, 'yar'uwa. Ni ne ban tambaya ba."

Na ga abin da aka tsiyaye a duron, har na rubuta shi a gefen shafi, kuma ni na ɗebo ruwan. Ban san akwai wata gaba tsakanin sukari da siminti ba.

Chirwa ya hau kekensa ya zaga gidajen abokan sana'arsa uku. Biyu sun tafi ƙauye, na ukun yana da rabin buhu da ya riga ya zama dutse. Ya dawo da azahar ya ce ko da an samu, kwana bakwai yake so, baƙi kuma jibi suke tafe. Kazar da aka yanka masa ma bai tsaya ci ba.

Da shebur muka kwashe kantar, baro huɗu. MaSiziba ta bi kowane baro tana tsince fasassun farantanta, ta mayar da su gwangwani. Daga nan ta shiga ɗaki, na ji tana kwance wani abu da wuƙa. Ta fito tana jan ƙofa ɗaya ta durowar mijinta. Muka ɗora ta a kan ginshiƙan. Tsawon ya yi daidai, faɗin ya gaza da yatsa uku. Na je kasuwa na sayo ledar tebur mai hoton lemo muka lulluɓe.

Da ido abin bai yi muni ba. Amma ruwan zaƙin nan na kwana bakwai ya shige bulo, ya shige yumɓu, ya bi tsagogin daɓe. Kiyashi suka riƙa fitowa daga inda ba mu san akwai rami ba. Ranar Lahadi ba ta je coci ba. Ta durƙusa da buroshi tun safe, kuma a karo na farko na ga ta buɗe farar jarka don wanke ƙasa. Ta ƙarar da ɗaya, ta buɗe ta biyu. Na ce mata, "Mama, na sha ne fa." Ta ce famfo zai dawo gobe. Da yamma kiyashin suka dawo. Ta jiƙa tsumma da kananzir ta goge gindin ginshiƙan.

Ranar Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma motarsu ta tsaya. Dumo ya yi ƙiba. Ya rungume uwarsa, ya gaishe ni, ya ciro wani ɗan akwati ruwan hoda daga bayan mota ya kai shi har ɗakin MaSiziba ya ajiye a kan gado. Khosi ta maƙale a jikin uwarta, sai da ta shiga falo ta ga reshen. Mala'ikun suna daidai idonta. Ta tsaya, ta miƙa yatsa ta taɓa ɗaya, ta ga sunanta a ƙasa ta karanta da ƙarfi.

"Mama, ke kika yi wannan duka?" in ji Refilwe. "Da ɓawon masara? A Egoli irin wannan a manyan kantuna ake sayar da shi, da tsada kuwa. Mutane sun gaji da roba."

"To ki gaya musu akwai wata tsohuwa a Magwegwe, da ita da akawunta."

Aka yi dariya. Refilwe ta ɗauki hotuna ta kowane gefe. Khosi ta hau cinyar kakarta tana tambaya wace mala'ika ce babba. Na duba agogo, minti ashirin da biyar aka yi a haka.

Sai Refilwe ta ce bari ta sa ruwan yarinya a firji, ta shiga kicin. MaSiziba ta sauke Khosi ta bi ta, ni ma na tsaya a bakin ƙofa. Warin kananzir ne ya fara tarar ta. Ta kalli zanen bango ta ce ya yi kyau. Ta ɗora hannu a kan kantar, kantar ta ɗan girgiza. Tafin hannunta ya ji tudun ramin makulli a ƙarƙashin ledar. Ta ɗaga gefen ledar ta ga ƙofar durowa, ta ga layin kiyashi yana hawa bulo yana bi ta ƙarƙashinta, wani layin yana saukowa. Ta mayar da ledar ta daidaita ta da kyau. Ta murɗa famfo, ya yi tsaki, ba ruwa. Ta dubi jarkokin, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Ruwan shan ke nan duka, Mama? Rabin jarka?"

"Gobe zai dawo, 'yata."

Refilwe ta juyo wajena. "Baba, Dumo ya ce kai ke rubutawa. Kwana nawa ke nan babu?"

MaSiziba ta dube ni. Na san abin da idonta ke roƙo. Na ce, "Yau goma sha uku."

Har yau ina juya wannan amsa. Da na ce uku, ban san ko zai canza wani abu ba, kiyashin suna nan a gabanta. Amma ban ce uku ba.

Refilwe ta kira mijinta suka shiga mota suka rufe gilashi. MaSiziba ta koma falo ta ɗauko ragowar ɓawon masara, ta zaunar da Khosi tana koya mata yadda ake ɗaure wuyan mala'ika. Ba ta kalli taga ko sau ɗaya ba.

Dumo ne ya shigo shi kaɗai. Ya tsuguna a gabanta kamar ƙaramin yaro.

"Mama, ba don komai ba ne. Cikinta ba shi da ƙarfi, kin sani. Ga ruwan nan kuma. Zan aiko a sa miki dutse, har da tanki. Baɗi sai ta yi miki wata guda."

"Ba komai, ɗana."

"Kada ki ɗauka Refilwe ce. Mu biyu muka yanke."

"Na ce ba komai. Ku ci abinci kafin ku kama hanya."

Sun zo da soyayyar kaza a kwali, ita aka ci a falo. Tuwon da MaSiziba ta tuƙa da miyar ganyenta suna waje a kan murhu, ba a buɗe su ba. Khosi ta ce tana son mala'ika ɗaya. Refilwe ta ce in Mama ta yarda a ba su biyu ko uku su rataya a masauki. MaSiziba ta tashi ta ɗauko kwali, ta sauke komai: mala'iku goma sha biyu, da wadda suka fara ɗaurewa, da ƙwanson jakaranda, da taurarina, da zaren kabewa, da sunan. Refilwe na cewa ya yi yawa, ita kuma tana cewa don yarinyar aka yi.

Da ƙarfe uku da minti arba'in Dumo ya fito da ɗan akwatin nan ruwan hoda ya mayar da shi bayan mota. Khosi ta leƙo ta taga ta ce wa kakarta, "Gogo, ba a nan zan kwana ba?" MaSiziba ta ce, "Wata rana, uwata. Riƙe kwalin da kyau kada fukafukan su karye."

Washegari, jajiberin Kirsimeti, da ƙarfe shida da minti biyar na safe, famfo ya yi tari ya kawo ruwa. Na fito da gudu ina jera jarkoki. MaSiziba ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana kallo. Da na cika ta uku sai ta wuce ni, ta kama bakin shuɗin duro, ta mirgina shi har ƙofar gida, ta tunkuɗe shi. Ruwan ya malale a titi, ja-ja, yana kumfa. Matan layi da ke tare ruwa a ƙofofinsu suka miƙe suna kallo. Ta bar duron a kwance ta koma ciki.

A Janairu, da aka buɗe kantuna, Chirwa ya kawo buhun siminti a bayan kekensa, daga aljihunsa. Ya ce kaza ma ya yafe. Ta ce ya ajiye a bayan ƙofa, za ta neme shi. Damina ta bi ta kansa, yanzu a kai nake zama in ɗaure takalmi. Ƙofar durowar tana nan a kan ginshiƙan, ledar ta koɗe. Durowar kuma tana tsaye a ɗaki da ƙofa ɗaya, in an wuce ana hango kwat ɗin marigayi a rataye. Farin reshen yana kusurwar falo a gwangwaninsa, ba komai a jikinsa. Dutse bai zo ba, tanki bai zo ba. Dumo ya ce an rage musu kwanakin aiki, kuma na yarda da shi.

Bana kayansu sun iso ta hannun direba ranar biyu ga Disamba: shinkafa, man girki, da hoton Khosi ta yi wushiryar faɗuwar haƙori. A layinmu wanda zai zo gida da kansa yake kawo kayansa.

Da yammacin ranar muna zaune a tsakar gida, ina shan ruwa, na watsar da rabin kofi a gabanta da gangan. Ta dubi ƙasar da ta jiƙe har ta shanye. Wannan karon ba ta yi zancen kogi ba.